Kafin Hajiya Ta Zo Ɗaukar Fure

Litinin, da hantsi

Mun dawo daga asibiti. Likita ta faɗi wata kalma, ta maimaita ta a hankali kamar mai ba yaro magani. Ba zan rubuta ta a nan ba. Wannan littafin na saye shi ne don in riƙa rubuta abubuwa masu daɗi.

Fure ta cika shekara uku ba ta ce Mama ba. Wannan zan iya jurewa. Abin da na kasa jurewa shi ne in miƙa hannu zan ɗauke ta, ta sandare kamar itace, ta fasa ihu, ta ture ni. Ni na haife ta, amma rabon da ta kwanta a ƙirjina tun tana shan nono.

Muna shiga gida Abbanta ya kira Hajiya, mahaifiyarsa, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Da ya fito ya ce sun yanke shawara: ƙarshen wata Hajiya za ta zo ta tafi da Fure garinsu, ta riƙe ta. Wai a hannunta yarinyar ta fi natsuwa, wai ni ma in huta.

Na ce, "Har zuwa yaushe?"

Ya ce, "Sai yadda hali ya yi."

Likita ta ce a nemo mata kayan wasa na taɓawa da gani da ji, a riƙa zama ana wasa da ita. Shi kaɗai na riƙe a duk bayaninta. In Fure ta yarda da ni kafin ƙarshen wata, ba wanda zai sake cewa a hannun wani ta fi natsuwa.

Talata, bayan la'asar

Na bar ta da Abbanta na tafi shagon kayan yara da ke kusa da gada. Na yi kwalliyata, na fesa turare, na gyara awarwarona, don ba na so a gan ni a ce ga wadda ke cikin damuwa.

Mai shagon ya ce, "Anti, na yaro ko na yarinya?"

Na ce yarinya ce, kuma irin wanda ke tada hankalin yaro nake so. Sai da ya yi dariya na gane abin da na faɗa. Na ce wanda ke jawo hankali nake nufi.

"To ai kin zo gida. Wannan kiɗa yake, wannan fitila yake, wannan kuwa duka biyun, har da rawa. Ki sa masa batir ki ja gefe, yaron maƙwabta ma sai ya shigo."

Na ɗauki 'yar tsana mai cewa ina son ki in an matsa cikinta. Na ɗauki jirgin ƙasa mai fitilu, da ƙaramar ganga, da wani agwagwa mai tafiya yana waƙa. Ina tsaye ina kallon kantocin nan masu ruwan hoda sai na ga ɗakin da na daɗe ina gani a raina. A littattafan da nake karantawa haka ɗakin yara yake: uwa ta shigo da kaya niƙi-niƙi, yarinya ta rugo da gudu ta faɗa jikinta, uba yana jingine da ƙofa yana murmushi. Duk hanyar dawowa wannan shafin nake karantawa a kaina.

Laraba, da safe

Na jera su a tsakiyar falo, na kunna su gaba ɗaya don ta zaɓa.

Ba ta zaɓa ba. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta runtse ido, ta fara buga goshinta da ƙofar banɗaki. Na ruga zan riƙe ta, ta cije ni a damtse. Ina ƙoƙarin kashe jirgin, agwagwan ya shige ƙarƙashin kujera yana ta waƙarsa, na kasa kai hannu gare shi. Matar da ke ƙasanmu ta buga silin ɗinta da sandar tsintsiya.

'Yar tsanar ce ta ƙarshe da na kashe. Na taka ta ban sani ba, ta ce min ina son ki.

Alhamis, da rana

Goshinta ya kumbura. Na ce wa Abbanta faɗuwa ta yi.

Asabar, gab da magariba

Yau na lura da wani abu da ya tsaya min a wuya. In Abbanta ya dawo daga wurin aiki, ya zube a kan kujera bai ko kalle ta ba, sai ta zo ta jingina da ƙafarsa. Shi da bai saya mata komai ba. Shi da ba ya mata waƙa, ba ya kiranta Furena, hasken idona, zumar zuciyata.

Na ce masa, "Me kake yi mata da ba na yi?"

Ya ce, "Ni? Gajiya nake yi."

Na ce ba wasa nake ba. Ya ce shi ma. Sannan ya ce, "Ke matsalarki kina so komai ya zama kamar na littafi. Ko ni da kika aura, na san ba ni kika yi oda ba, wani mai dogon hanci da jirgin sama kika so, aka kawo miki ni."

Da a da ne da na yi dariya na jefe shi da filo. Yau kicin na shige na kunna famfo don kada ya ji.

Litinin, bayan azahar

Mun koma wurin likita, ni da Fure kawai. Na kwashi kayan wasan a jaka don ta ga na yi ƙoƙari. Ta dudduba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce suna da kyau, amma in ɗaga su sama tukuna.

Ɗakinta ba komai a ciki sai tabarmar roba da akwati a rufe. Ta zauna a ƙasa, gefen Fure, ba gabanta ba. Ta fito da ƙwallo guda mai laushi ta ajiye, ba ta ce kanzil ba. Fure ta kalli bango, ta kalli ƙwallon, ta ɗauka ta matse ta da ƙarfi.

Likita ta ce in matso. Ina matsowa Fure ta ja da baya. Ta ce in koma, in sake matsowa. Fure ta sake ja da baya, har da juya fuska.

"Maman Fure, kullum kina sa turaren nan?"

Na ce kullum, tun ina amarya.

"Awarwaron fa?"

Na ce da su nake kwana.

Ta ce akwai yaran da ƙamshi kaɗan ke zame musu kamar hayaƙi a ɗaki rufe, ƙara kaɗan kuma kamar an kifar da kwanuka a kansu. Ta ce ba ta ce shi ne dalili ba, amma in gwada. Ta ce game da kayan wasa kuma, kada in tambayi mai shago, in tambayi Fure. In zauna in kalle ta, in ga me take nema da kanta, me take gudu. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In rage magana. Kuma duk abin da zan ba ta in tabbata ina wurin.

Na tambaye ta ko za ta warke. Ta ce ba ciwo ba ne irin wanda nake nufi. Ban so amsar ba.

Talata, da safe

Na cire awarwaron. Hannuna ya yi fari a wurin, kamar na wata. Na kwashe kwalaben turare daga gaban madubi na zuba a kwali. Na wanke kayana da sabulu marar ƙamshi, na sa wata tsohuwar rigar auduga da nake goge-goge da ita.

Duk littafin da na karanta, macen da ake so ƙamshinta ke riga ta shiga ɗaki. Na ɗauka haka ake zama abin so. Ashe 'yata tana jin tahowata tun daga nesa tana neman wurin ɓuya.

Abbanta ya shigo karyawa ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Baiwar Allah, ina matar gidan?"

Na ce ta yi tafiya.

Laraba, da yamma

Ba turare, ba awarwaro, ba waƙa. Na miƙa hannu. Ta ture.

Juma'a, da hantsi

Na zauna a ƙasa ina kallonta kamar yadda aka ce. Wuya gare shi. Bakina yana ta ƙaiƙayin magana.

Tana son bangon baranda inda simintin bai yi sumul ba, tana goga tafin hannunta a kai tana kai da kawowa. Tana son matse kanta tsakanin kujera da bango, wurin da ko kyanwa sai ta yi dabara. Ba ta son abu mai santsi, ba ta son a shafa ta a hankali. Ni kuwa duk rayuwarta shafa ta nake a hankali, da 'yan yatsu, kamar yadda ake kwatantawa.

Can na neme ta na rasa. Na same ta a kicin ta buɗe buhun wake, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta yi shiru. Fuskarta a sake. Ban taɓa ganin fuskar nan a sake haka ba sai in tana barci.

Na juye waken a babbar robar wanki, na kawo kofi da ludayi. Na zauna a gefenta, ba gabanta ba.

Asabar, bayan la'asar

Ta ɗiba da kofi ta zuba, ta ɗiba ta zuba. Ni ma na tura hannuna a can ƙarshen robar. Ba ta gudu ba. Hannunta da nawa a cikin roba ɗaya. A ƙarƙashin waken ɗan yatsanta ya taɓa nawa, ba ta janye da sauri ba.

Ya Allah. Ya Allah, ka bar min wannan.

Zan kira Hajiya in gaya mata. A'a, sai ya ƙara ƙwari tukuna.

Litinin, da yamma

Tana wasa lafiya lau. Na ga ta natsu, na ce bari in ɗan jingina in ƙarasa babin da na bari, ina nan kusa da ita ai. Babin ya kai inda ake shirin raba masoyan. Na juya shafi, na sake juyawa.

Atishawarta ce ta dawo da ni. Tana ta tura yatsa a hanci tana wani irin kuka. Na haska da waya na hango waken a ciki, fari, ya shige can.

Ban san yadda na sauka daga benen ba. A asibiti mutum uku suka danne ta kafin a ciro shi. Tana ihu tana kallon silin. Ko a lokacin ba ni take nema ba. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗago ƙwayar waken da ɗan ƙarfe ta ce, "Wa ya ba yarinya kamar wannan wake ta yi wasa?" Abbanta ya iso da kayan aikinsa a jiki, daidai lokacin da take tambayar.

Da muka dawo littafin yana nan a buɗe a kife kusa da robar. Ya kalle shi. Ya ɗauki robar ya kai kicin.

Da ma zagina ya yi.

Talata

Ban karanta komai ba. Ban ci komai ba.

Laraba, da rana

Hajiya ta kira. Na gaishe ta, ta amsa da sakin murya, ta tambayi ƙawarta, haka take kiran Fure.

Ta ce, "Na ji abin da ya faru. Kada ki sa a ranki, uban nata ma dutse ya taɓa turawa a kunne, shi ya sa har yau ba ya jin magana." Na yi 'yar dariya don kunya. Sai ta ce, "Ki haɗa mata kayanta a hankali. Ranar Lahadi ta sama zan shigo. Ke yarinya ce, 'yar nan, wannan aikin na masu furfura ne. Ki samu ki huta, Allah ya kawo mata ƙane."

Na ce, "To, Hajiya."

To. Abin da na ce ke nan. Ba muguwa ba ce, shi ne abin da ya fi ciwo. Da muguwa ce da na san shafin da muke.

Alhamis, da hantsi

Na kira likita na gaya mata, ina jiran faɗa. Ta ce waken ya yi mata ƙanana tunda tana kai abu hanci da baki, amma abin da na gano daidai ne: tana son abin da zai cika mata hannu, mai nauyi, mai turjiya. Ta ce in kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan mai ya yi tauri. Ta ce in gwada naɗe ta a bargo in matse, in ta ƙi in bari.

Na kwaɓa. Na ajiye a faranti na zauna, hannuwana a kan cinya, idona a kanta ko ƙiftawa ba na so in yi. Ta daɗe tana zagaya farantin. Ta dangwala da yatsa ɗaya, ta goge a riga. Ta dawo. Daga baya ta hau kai da tafin hannu biyu tana dannawa da duk ƙarfinta, har tana nishi.

Bargon ta ƙi. Na bari.

Juma'a, da yamma

Ta ƙi ƙullun yau. Ta yi kuka tun daga azahar, ban san dalili ba. Ban san dalili ba. Kullum ban san dalili ba.

Lahadi, bayan la'asar

Likita ta taɓa ambatar lilo. Ba mu da wurin rataya shi, sai na sauke katifa ƙasa na shimfiɗa zanen gado mai kauri a kai, na jira har Fure ta hau da kanta tana bin zanen furannin da yatsa. Na roƙi Abbanta ya kama gefe biyu, ni na kama biyu. Tun ranar asibiti maganarmu ba ta wuce ga abinci, sai na dawo.

Ya ce, "In ta faɗo fa?"

Na ce katifa na ƙasa.

Muka ɗaga. Zanen ya naɗe ta ta ko'ina. Ta yi tsit. Muka kaɗa a hankali, dama, hagu. Sai muka ji wani sauti daga ciki, kamar shaƙuwa. Na leƙa. Dariya take.

Abbanta ya ce, "Ke, dariya ce?" Muka yi ta kaɗawa har hannuwanmu suka yi rawa. Muna saukewa ta kama bakin zanen ta miƙo. Ni ta miƙo wa. Ba ta kalle ni ba, amma ni ta miƙo wa.

Da ta yi barcin yamma na ce masa ya kira Hajiya ya ce a fasa. Ya daɗe yana murza goshi. Ya ce, "Dariya ɗaya ce. Gobe fa, in ina wurin aiki? Kuma ni na roƙe ta, ta gyara ɗaki, ta gaya wa kowa. Da wane bakin zan ce ta zauna?"

Talata, da safe

Lilo yana son mutum biyu. Ni kaɗai ce a gidan.

Alhamis, da rana

Na fito da akwatin tafiyarta. Na sa riguna, na cire. Na sa, na cire. Wa zai gaya wa Hajiya ba ta son riga mai leshi a wuya? Wa zai gaya mata a danne ta da tafin hannu, kada a shafa? Sai na tuna Hajiya ba ta buƙatar a gaya mata. Ita haka hannunta yake tun asali, mai nauyi.

Lahadi, da yamma

Ta iso da hantsi, da ledar tsaraba. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Yau ba a shaƙe ni da turare ba. Ko an yi ɓarayi ne a gidan?"

Fure tana bayan kujera a matse. Hajiya ta leƙa ta ce, "Ƙawata, fito mu tafi, ki bar musu gidansu." Bayan an ci abinci ta ce a fito da akwati kada rana ta yi musu. Abbanta ya tashi zai ɗauko.

A littafi a nan ne matar take zubar da hawaye masu kama da lu'ulu'u, wani ya shigo ya cece ta. Na jira. Ba wanda ya shigo.

Na ce, "Hajiya, akwatin ba komai a ciki."

Ta ce, "Ba ki haɗa ba?"

Na ce, "Ba za ta tafi ba, Hajiya. Ki yafe min."

Abbanta ya kira ni da kakkausar murya. Ban ɗago ba. Na ce na san na yi sakaci, na san a hannunta ta fi natsuwa. Na ce in ta tafi yanzu za ta saba da can, ta dawo min baƙuwa, ni kuma in zauna ban taɓa koyon 'yata ba. Na ce sai yanzu na fara gane abin da take so. Ban faɗe shi da tsari haka ba, ina yi ina shessheƙa, hanci na zuba.

Hajiya ta ce, "Kin san abin da kike ɗauka? Ba na wata ɗaya ba ne."

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba. Amma taki ce." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka sa na baro gidana a kan maganar da ba ka gama da matarka ba. Tashi ka kai ni tasha."

Ba ta amsa sallamata ba da za ta fita. Shi ma bai kalle ni ba.

Litinin, bayan azahar

Ya fita aiki bai karya ba.

Fure ta tashi da kuka. Na kawo ƙullu, ta yi jifa da shi. Na shimfiɗa zanen, ba mai kama ɗaya gefen. Matar ƙasa ta buga silin. Yanzu ba Hajiya, ba ƙarshen wata, ba wanda zan ce ya hana ni. Ni na ce a bar min, ga shi an bar min.

Da na rasa abin yi sai na kwanta rub da ciki a tsakiyar falo, na kifa fuskata a hannu. Ba dabara ba ce, ƙarfina ne ya ƙare. Kukan ya yi ta yi, ya ragu, ya tsaya. Na ji takunta. Na ɗauka kicin za ta.

Gwiwarta na fara ji a bayana, sannan ɗayar. Ta hau ta kwanta, ta saki duk nauyinta a kaina, ta tura fuskarta tsakanin kafaɗuna. Numfashinta da ɗumi ta cikin rigar. Wataƙila a matsayin katifa ta ɗauke ni. Ban damu ba.

Ban ga fuskarta ba. Ban ce Furena ba, ban ce komai ba. Hannuna na dama ya mutu a ƙarƙashina, wuyana ya ƙage, tukunya tana ƙonewa a kicin ina jin ƙaurinta.

Ban motsa ba.